Zanen tsofaffin gine-ginen karkara: ana cin abinci da shi?

"Assalamu alaikum Baba. Ni malamar lakkol ce a wani ƙauye na jihar Tawa. Tun ina ƙarama nake zane, kuma tun da aka turo ni nan ba abin da ke ɗaukar hankalina kamar tsofaffin rumbuna da zauruka da masallatan ƙasa, har na cika littattafai da su. Ina son in mai da abin sana'a, amma a gida ana ce mini wa zai sayi hoton kango. An ce mini kai ka tsufa cikin wannan aiki. Shin ana rayuwa da shi? Ta ina zan fara? Kuma in bar koyarwa in taho Yamai, ko in zauna inda nake?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƴata. Allah ya sa albarka a hannun nan naki. Tambaya uku kika ɗaure wuri guda: ko aikin yana ciyar da mai shi, ta inda ake kama shi, da kuma ko ki ajiye alli ki taho birni. Ta ƙarshen ce ta fi gaggawa, don haka bari in sauke miki ita tun yanzu. Kada ki bar koyarwa, kuma kada ki taho Yamai a halin yanzu. Mu da ke nan sai mun biya kuɗin mota, mun yi tafiyar fiye da kilomita 500, kafin mu ga abin da ke kike wucewa ta gabansa kowace safiya a hanyarki ta zuwa aji.

Ni ma ɗan Adar ne, wato yankin Tawa. Kawuna magini ne, kuma tun kafin in riƙe fensir na cuɗa ƙasa da ƙafa, na jefa masa curi yana bisa bango. Da na zo Yamai ina saurayi, a shagon wani mai rubuta allunan kanti na koyi haɗa fenti da riƙe burushi. Gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959 kuma yanzu yake ɗauke da sunan Boubou Hama, yana da samfurin gidajen al'ummomin ƙasar nan a cikin filinsa. A can na fara ganin mutane sun tsaya suna kallon irin ɗakin da aka haife ni a cikinsa, suna tambayar yadda aka yi shi. Tun daga lokacin nake zana gine-ginen ƙasa, kuma abin da zan faɗa miki daga wannan hanyar ya fito.

Maganar kango

Mutanen gidanku suna tsoron kada ki wahala ne, kuma tsoronsu yana da tushe. Sai dai abin da kike zanawa yawancinsa bai zama kango ba tukuna. Yana kan hanyar zama, kuma dalilin da ya sa aikin ke da gaggawa ke nan.

Ginin ƙasa da yaɓe yake rayuwa. Kafin damana ta faɗi ana bin bango a toshe tsaguwa, a gyara bakin indararo, a ƙara ƙasa bisa soro, a tayar da gindin da ruwa ya zaizaye. Gidan da ake yi wa haka yana iya ganin jikokin wanda ya gina shi. Wanda aka daina yi wa, damana kaɗan ta ishe shi: ruwa ya sami ƙofa ta tsaguwa, azara ta jiƙe, gara ta shiga, wata rana da dare soro ya zauna. To wa ke yin yaɓen? Samari ne, da gayya. Kin fi ni sanin inda samarin Adar suke da rani: Abijan, Libiya, Najeriya, wasu nan Yamai. Idan Allah ya buɗa musu suka aiko da kuɗi, kwano da bulon siminti ake saya, domin shi ne alamar cewa ɗa ya yi abin kai. Itacen rufi ma ya yi wuya. Farin 1973 da na 1984 sun ci daji, giginyar da ake tsaga azara da ita ta yi nisa ta yi tsada. Ga kuma ruwan sama da ke zuwa da ƙarfi a ƴan shekarun nan. A 2020 kogi ya shiga unguwannin Yamai, a damanar 2024 kuwa tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Wannan masallaci ne da duk ƙasa ta san da shi, yana da hotuna ba iyaka. Zauren mai gari na ƙauyen da kike, idan ya faɗi, ƙila littafinki ne kawai zai nuna yadda yake.

Amma ki kiyaye zuciyarki daga abu guda, wanda na gani ga masu zane da yawa, har da baƙi masu zuwa daga Turai: jin haushin mutanen ƙauye don sun rushe ƙasa sun ɗora kwano. Matar da ta kwana tana tara kwanoni ƙarƙashin yoyo, tana kallon rufi tana kallon ƴaƴanta, tana da haƙƙin son kwano. Gaskiya ne ɗakin kwano ba ya shiguwa da bazara, ɗakin ƙasa kuwa yana riƙe sanyi, amma ba mai zane ne zai yanke wa mutane inda za su kwana ba. Kuma ginin ƙasa bai ƙare ba. A Dandaji, nan cikin jiharku, an gyara tsohon masallacin garin an mai da shi ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi da bulon ƙasa da aka matse da inji. An gama aikin a 2018, kuma ƴar ƙasar nan, Mariam Issoufou Kamara, tana cikin waɗanda suka tsara shi. Idan kin sami hali ki je ki gani, ki zana tsohon da sabon a takarda guda.

Ki fara da magini

Kin tambayi ta inda za ki fara. Ki nemi tsohon maginin garin, ki gaishe shi, ki roƙe shi ya duba littafinki. Babu malamin zane a Yamai da zai ba ki abin da zai ba ki. Mai zanen da bai san yadda gini ke tsayuwa ba, yakan zana abin da ido ke so amma hankali ba ya yarda da shi, kuma ɗan ƙauye yana gane haka nan take ko da bai iya faɗin inda laifin yake ba.

Ki ɗauki bango. Bangon ƙasa yana da kauri a gindi, yana sirancewa yana hawa, don haka yana ɗan jingina ciki. Kusurwarsa ba ta da kaifi, hannu da ruwan sama sun goge ta. Duk wanda ya ja shi da abin ja-layi ya mai da shi siminti. A gindinsa akwai ramin da ruwan indararo da fantsamar ruwan sama suka ci, a ƙarƙashin kowane indararo kuma akwai zirin da ruwa ya bari. Yaɓen bana launinsa dabam da na bara, ana ganin inda suka haɗu, wani lokaci har da sawun yatsun mai yaɓen. Waɗannan su ne ke faɗa wa mai kallo shekarun gida da kuma ko akwai mai kula da shi. Faɗin ɗaki ma ba son rai ba ne. Azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasar rufi idan tazarar ta wuce kusan mita 2, shi ya sa ɗakunan da suke da matsi, shi ya sa kuma idan ana son zaure mai faɗi ko masallaci sai an tsayar da ginshiƙai ko an ɗaura baka, wato lanƙwasasshen gini mai tallafe rufi. Idan kin san wannan, za ki san inda ya kamata ginshiƙi ya tsaya a zanenki, ba inda ya fi miki kyau ba.

Rumbun ƙasa kuwa, ruhewa, ita ce gwanintar Adar, kuma ita ce ta fi kayar da masu zane. A wajen Buza da Keita da Ƙonni za ki ga waɗanda suka fi ɗakin kwana girma. Ana ɗora ta ne zobe bisa zobe kamar yadda mai ginin tukwane ke yi, a bar kowane zobe ya sha iska kafin a ƙara wani, kuma jikinta siriri ne ƙwarai idan aka kwatanta da girmanta. Ba ta zama a ƙasa. Bisa duwatsu take, don laima da gara, kuma inuwar da ke ƙarƙashinta, inda kaji ke kwanciya da rana, ita ce wuri mafi duhu a duk zanen. Idan kika manta da wannan inuwa, ruhewar za ta yi kamar an ajiye ta ne ba gina ta aka yi ba, manomi kuma zai ce miki hatsin nan ya ruɓe. Ki duba inda cikinta ya fi faɗi, domin ba a tsakiya yake kullum ba. Ki duba matakalar da aka kafa a jikinta, da bakinta da ke sama, da yadda jinkar da ke rufe bakin ta karkata bayan iskar damana. Kowane magini da irin cikin da yake fitarwa, har tsofaffi sukan nuna ruhewa daga nesa su faɗi wanda ya gina ta.

Akwai wurin da nake so ki kai kanki ko sau ɗaya, wato masallacin Juma'a na Yama, wani gari a cikin jiharku. Falke Barmou, magini kuma manomi ɗan garin, shi ya fara shi a 1962, ɗaki mai kusurwa huɗu da ginshiƙai, mutanen gari suna kawo ƙasa da ruwa da itace. A 1975 ya sake rufin da bakuna ya ɗora ƙubba a tsakiya, daga baya ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi, aka kammala a 1982. A 1986 aka ba aikin kyautar Aga Khan ta gine-gine. Abin da zai amfane ki a matsayin mai zane shi ne hasumiyoyin nan huɗu ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. Hannunki zai so ya daidaita su, domin haka ido ya saba. Ki hana shi. Ki zauna ki zana kowace da halinta, kwana nawa ne ma abin ya ɗauka. Wanda ya iya wannan ya iya sauran. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, wadda tsohon garinta ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013, an zana ta har an gaji, kuma masu sayarwa a bakin otel suna kwafar ta daga hoton juna. Ƙauyukan Adar kuwa kusan ba wanda ya taɓa.

Haske, launi da kayan aiki

Bangon ƙasa da tsakar rana ba shi da fuska. Hasken yana saukowa daga sama ya shafe komai. Lokacin aiki shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa ta gefe ya fito da kowane tudu da kwari na yaɓe. Wannan ya dace da mai koyarwa: kina da safiyar ranakun hutu da yammacin kowace rana. Ki zaɓi gini guda ki zana shi a lokuta dabam-dabam na shekara. Da hunturu, idan hazo ya sauko, inuwa takan yi laushi, nesa ta dushe, sama ta koma fari-fari, kada ki shafa mata shuɗi don kin saba. Bayan ruwan farko kuwa bango yakan yi duhu ya yi ja, ya bushe daga sama zuwa ƙasa. Da kaka ga damman hatsi jingine, ga ruhewa a buɗe ana zubawa.

Launin ƙasa ba guda ba ne, kuma a nan masu koyo ke yin sauri. Gari yana ɗaukar launin ramin da aka haƙo ƙasarsa. A bisa tudun Adar akwai jan dutse da jar ƙasa, a kwari kuma akwai mai toka-toka da mai fari-fari, yankin da ke da farin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza. Inuwa a jikin jan bango ba baƙa ba ce, tana da ɗan shuɗi ko ruwan makuba a cikinta, domin sama take kallo. Ki rage amfani da baƙin fenti, ki haɗa duhunki daga ja da shuɗi.

Kayan zane na kanti suna da tsada, kuma a Tawa ba kullum ake samun su ba. Kada wannan ya tsayar da ke. Fensir da gawayi da takarda mai kauri sun isa shekarar farko. Fentin ruwa kuwa kina iya yin naki, kuma ni har yau da shi nake yin rabin aikina. Ki ɗebo ƙasa daga ramin da aka gina gidan da ita, ki daka, ki tankaɗe, ki zuba ruwa ki motsa, ki bar yashi ya kwanta, ki tsiyaye ruwan saman mai laushi a wani kwano ki bar shi ya bushe. Garin da ya rage ki niƙa shi da ruwan ƙaro da ɗigon zuma don kada ya tsattsage. Ƙaron nan da ake sayarwa a kasuwanninmu shi ne abin da masana'antun Turai ke ɗaure fentin ruwansu da shi. Sai ki ga kin zana gida da ainihin ƙasarsa. Idan kin koma zane bisa ƙyalle, akoko mai kauri ya isa: ki ɗaure shi tamau a katako, ki shafa farin fenti da aka haɗa da gam ɗin kafinta sau biyu ko uku. Da bazara fenti yana bushewa a bakin burushi, don haka ki dama kaɗan kaɗan, ki zauna a inuwa. Abin da kika gama kuma ki ajiye shi a akwatin ƙarfe bisa dutse ko benci, nesa da bango, saboda gara ba ta san wahalar kowa ba.

Waya tana da amfani, ki ɗauki hoto don tuna adadin tagogi da zanen bakin ƙofa. Amma idon waya yana lanƙwasa bango idan kin matso, yana kuma cinye abin da ke cikin inuwa. Zanen farko a gaban ginin za ki yi shi, a ƙarasa a ɗaki.

Sannan ga abin da nake roƙon ki da shi fiye da komai. A bayan kowane zane ki rubuta sunan garin, da unguwa, da gidan su wane ne, da sunan maginin idan an san shi, da lokacin da tsofaffi suka ce an gina, ko da cewa suka yi zamanin sarki wane ko shekarar yunwa kaza, da ranar da kika zana, da gefen da kika zauna. Zane mai kyau wanda ba a san ko na ina ba ne ado ne kawai. Mai wannan rubutu a bayansa kuwa shaida ne, kuma darajarsa ƙaruwa take yi ranar da ginin ya faɗi.

Izini da mutuncin masu gida

Kada ki zauna gaban gidan mutum da takarda ba ki yi sallama ba. Ki fara da mai gari, sannan mai gidan. Ruhewa musamman asirin gida ce, mutum ba ya son baƙo ya tsura wa abincinsa ido, balle a shekarar da damana ba ta yi kyau ba. Wasu kuma za su ji kunya, su ce me ya sa ba ki zana sabon shagon siminti ba sai wannan tsohon abu, ko so kike ki kai talaucinsu birni a yi dariya. Amsar da na ga tana aiki ita ce tambaya: wa ya gina wannan? Da zarar an fara ba ki labarin kakan da ya gina, an ba ki izini ke nan. In kin gama ki nuna musu, in da hali ki bar musu ƙaramin kwafi. Kuma kada ki ƙara wa gini tsaguwar da ba shi da ita don ya ba da tausayi, kada ki share igiyar lantarki ko jarkar roba ko farantin hasken rana don ya yi kama da zamanin da. Yadda yake a yau, haka za ki bar shi.

Kina da wata dama da ni ban taɓa samu ba. Ni iyakata zaure. Ke kuwa kina shiga cikin gida, ki ga jeren kwanonin amarya, da daɓen da mata suka yi da hannunsu, da murhu, da randa a gindinta, da ƙaramin rumbun uwargida, da adon da ake yi wa bangon ɗaki ta ciki. Kusan duk masu zanen gine-ginen da na sani maza ne, shi ya sa abin da aka tara yawanci bayan bango ne. Wannan ɓangare ba zan iya koya miki shi ba, tsofaffin matan garin ne malamanki a kai.

Idan wani ya tayar miki da maganar addini, ki sani saɓanin malamai a kan surar abu mai rai yake. An ruwaito cewa Ibn Abbas ya ce wa wani mai sana'ar zane, idan ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Gini yana cikin wannan. Ni nakan nuna cewa akwai mutane a gida ta hanyar kayansu: turmi da taɓarya, takalma a ƙofar masallaci, shanya bisa danga. Abin da ya wuce haka ki tambayi malamin da kika yarda da shi.

Maganar kuɗi

Ana samun kuɗi da wannan aiki, amma ban san wanda ya riƙe gida da shi kaɗai tun daga farko ba. Ni allunan kanti da rubutun jikin motoci ne suka biya mini haya shekaru masu yawa, daga baya zanen littattafan yara da koyarwa. Yanzu ma aikin allo ya ja baya, tunda inji ke buga shi a leda. Ke kina da albashi, ko da yana jinkiri, kuma shi ne zai ba ki damar ƙin sayar da aikinki da arha ranar da ake matse.

Kasuwar ma ta sauya. A da masu sayenmu baƙi ne: ƴan yawon buɗe ido masu wucewa Agadas, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, mutanen ofisoshin jakadanci. Tun rikicin arewa na 2007 da sace-sacen Turawa da suka biyo baya ƴan yawo suka ɗauke ƙafa, bayan sauyin mulki na 2023 kuma baƙi da yawa sun tashi. Wanda ya taho Yamai yau da niyyar jingina zane a bakin otel ko a kasuwar masu sana'ar hannu ta Wadata yana jiran Bature, zai daɗe yana jira. Wannan ne babban dalilin da ya sa na ce ki zauna.

Masu sayen da na fi dogara da su yanzu namu ne. Ɗan kasuwar da ya yi shekaru a Abijan, ko ma'aikacin da ya tsufa a Yamai, wanda aka rushe zauren ubansa yana can, idan ya ga zanen zauren ba ya tsayawa dogon ciniki. Shi ba gwanintar burushi yake saye ba, ƙofar da ya yi wasa a bakinta yake nema, kuma zai duba ko dakalin yana gefen da ya sani. Kin ga inda sanin gini da rubutun bayan takarda suke komawa kuɗi. Irin waɗannan mutane ba a gidan nuni ake samun su ba, a WhatsApp na ƴan garinsu suke. Zane guda mai kyau na masallacin garin da kike, idan ya shiga can, zai kawo miki wanda zai ce a zana masa gidansu. Bayan su akwai otel-otel da ofisoshi da ke son abin ƙasa a bangonsu, da masu tsara gine-gine da ɗalibansu. Yadda ake tallata aiki a Facebook da sauransu, yaran yanzu sun fi ni iyawa, ki nemi shawararsu. Abin da zan ce kawai, ki sa hannunki a jikin kowane zane kafin ki ɗauki hotonsa.

Wajen sa kuɗi, ki lissafa kayan da kika kashe, da kwanakin da kika yi, da kuɗin mota in akwai, ki ɗora ribarki. Aikin da aka sa ki, ki karɓi rabin kuɗin kafin ki fara. Wanda ya fi kowane kyau a shekara kada ki sayar da shi, ki tara irinsu, domin ranar da za a ce ki kawo aikinki a nuna, su za ki fitar. Kuma kada ki yarda ki zama mai maimaita ruhewa guda sau ɗari don ita ake saye. Hannu yana mutuwa a haka.

Ban da tafiya mai nisa ke kaɗai. Akwai sassan jihar, musamman arewa da yamma, da hanyoyinsu ba su da aminci a yanzu, kuma ba zanen da ya kai ran mutum. Ƙauyen da kike da waɗanda ke cin kasuwa ɗaya da shi sun ishe ki aikin shekaru.

Ga abin da nake ganin ya dace da wannan rani. Ki zaɓi gini biyar a garin: ruhewa biyu na magina dabam-dabam, zaure guda, masallaci, da ɗakin wata tsohuwa ta ciki. Ki zana kowane da safe da kuma yamma, ki kai wa maginin ya duba, ki gyara abin da ya nuna. Idan an yi babban hutu kuma iyayenki sun amince, ki zo Yamai na ƴan kwanaki da su, ki zaga gidan tarihi, ki ga aikin wasu, ki sayi takarda da burushi masu kyau, ki koma kafin a buɗe aji. A gaishe da mutanen gida, a kuma nuna wa mahaifinki zanen masallacin kafin kowa ya gani.